Sharhi: ɗaure jirgi a tsibirin Kabrera

Duk wanda ya shiga mashigin Kabrera da jirgin shaƙatawa mai filafilai, ya bar angarsa inda take. Wannan ɗan tsibiri da ke kudu da Mayorka a Sifaniya ya zama gandun ƙasa tun 1991, kuma an hana jefa anga a cikin mashigin saboda ciyawar posidoniya da ke ƙasan ruwa. Santimita kaɗan take ƙaruwa a shekara, don haka ramin da anga ta yi cikin dare guda sai ya ɗauki shekaru bai cike ba. Maimakon anga, an kafa goruna 50, wato manyan ƙwallaye masu yawo a saman ruwa, kowace a ɗaure da turke a ƙasan teku. Bayan amfani da su, ra'ayina shi ne tsarin yana da kyau, amma kwanciyar hankalin dare tana hannun mai ɗauri.

Ana kama gora ta intanet, daga kwana 20 kafin ranar zuwa, da takardun jirgi da na matuƙi. A Yuli da Agusta gurabe na ƙarewa da wuri, kwanakin da ake bayarwa ma a taƙaice suke. Launin gora ke nuna tsawon jirgi: fara har mita 12, rawaya 12 zuwa 15, ruwan lemo 15 zuwa 20, ja 20 zuwa 35. Kada ka kama ƙarama don ta fi kusa da gaɓa. An auna tazarar da ke tsakanin goruna ne da da'irar da jirgi zai yi idan iska ta juya.

Daga Koloniya de San Jordi, wani gari a gaɓar kudancin Mayorka, tafiyar kamar mil 10 ce ta teku. Tsohuwar ganuwar da ke kan dutse, hagu da mai shiga, ita ce alamar ƙofa. Da ka wuce ta, rage gudu zuwa abin da bai kai kilomita 4 a awa ba.

A wajen ɗauri aka fi yin kuskure. Tunkari gorar iska na bugun goshin jirgi, ka zare giya tun da sauran tsawon jirgi ɗaya ko biyu. Mutum guda ya tsaya gaba da sanda mai ƙugiya yana nuni da hannu, domin da an matso matuƙi ba ya ganin gorar. Igiya biyu ake so, ba ɗaya ba. Ta dama ta fita daga maɗaurin dama, ta ratsa zoben, ta dawo maɗaurinta. Haka ta hagu. Mai ƙiwa yakan zura igiya ɗaya daga dama zuwa hagu, to duk lokacin da jirgi ya karkata sai ta riƙa gogar zoben kamar zarto. Kafin asuba zaren ya fara tsinkewa. A sa guntun tiyo inda igiya ke gogar bakin jirgi. In aka kuskure gorar, a bar iska ta janye jirgi baya a sake zagayowa. Bin ta da inji shi ke naɗe igiya a farfela.

Mashigin a rufe yake ta kusan kowane ɓangare, sai dai bakinsa na kallon arewa maso yamma. Idan iska ta taso daga can, raƙuman ruwa na shigowa, jiragen da ke kusa da ƙofa su kwana suna rawa. Duwatsun kewaye ma kan sako iska farat ɗaya. Daren da ba iska kuwa wata matsala ce: gorar na ƙwanƙwasa jikin jirgi har gari ya waye, sai an rage tsawon igiyoyin ta matso ƙarƙashin goshi.

Ba a sayar da mai, shara kuma da kai za ta koma. Akwai ɗan kanti a bakin babbar tasha, inda ake sauka da kwale-kwalen roba. Hawa ganuwar ya cancanci gumin; a tsibirin nan aka tsare dubban sojojin Faransa daga 1809 zuwa 1814.

Wanda bai samu gora ba yana iya kwana a Es Tirenk, gaɓar Mayorka, in yanayi ya yi lafiya. Nemi ruwa mai haske, yashi ke nan. Duhu ciyawa ce, dokar 2018 ta hana anga taɓa ta. A zurfin mita 5, ƙara mita 1 na tsayin goshi, ninka huɗu: sarƙa mita 24. Sake ta a hankali jirgi na ja da baya, sannan ka ba inji wuta a baya na minti ɗaya, hannu a kan sarƙar. In tana karkarwa, anga na jan ƙasa, ɗaga ka sake.