Tallafin sola ko murhu mai tsimin icce: wanne ya fi wa ƙaramin gida a Daura?

Wani ɗan'uwa daga Daura ya kawo tambaya. Gidansa ɗaki biyu ne da rumfa, mutum bakwai a ciki, wuta sai ta ga dama take zuwa, girki kuma da icce ake yi. Ya ji ana maganar tallafin gwamnati na sola, ya kuma ji na murhu mai tsimin icce. Abin hannunsa ba zai ɗauki biyun a lokaci guda ba, shi ne yake son a gaya masa wanda zai fara bi.

Malam, bari mu fara da tallafin kansa, don a nan ne ake cutar mutane. A Amurka akwai shirin da gwamnati ke gudanarwa tun 1976, ana turo ma'aikata gidan mai ƙaramin ƙarfi su toshe kafofin sanyi, su gyara abin ɗumama ɗaki, ba ya biyan ko sisi. Irin wannan labarin ake gani a intanet a zaci namu ma haka yake. Namu ba a hannun magidanci ake danƙa shi ba. Hukumar samar da lantarki a karkara, REA, ita ke riƙe da na sola. Ta yi shirin NEP daga 2018 da dala miliyan 350 na Bankin Duniya, sannan a Disamban 2023 bankin ya amince da dala miliyan 750 don sabon shiri mai suna DARES, wanda ake son ya kai ga mutum miliyan 17.5. Kamfanonin sola ake ba kuɗin, su ma sai sun sayar, an bi an tabbatar kayan sun shiga gida, sannan a biya su. Kai abin da zai iso maka ragi ne a farashi. Saboda haka duk wanda ya turo maka fom a waya ya ce ka biya kuɗin rajista, ko ka ba shi BVN da lambar sirrin katinka za a turo maka kuɗin tallafi, ɗan damfara ne.

Tallafin murhu bai ma kai wannan tsari ba. A 2014 gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 9.2 don sayo murhu 750,000 a raba wa matan karkara, maganar ta ƙare cikin ce-ce-ku-ce. A 2024 an amince da manufar ƙasa kan girki mai tsafta, amma manufa a takarda take. Abin da ya taɓa ƙasa a yankinku shi ne aikin da Tarayyar Turai ta ɗauki nauyi a shekarun baya, ƙungiyoyin Oxfam da ICEED suka gudanar a ƙananan hukumomin Daura, Baure, Zango, Sandamu, Mai'adua, Dutsi da Mashi, inda aka haɗa rainon itatuwa a gona da koyar da yin murhu mai tsimi. Ma'ana shi murhu ba sai ka zauna jiran rabo ba, ka tambaya a gari wa ya iya yin sa.

To ga sola. Ƙaramin saiti irin wanda ake sa wa ragi faranti ne guda, da akwati mai batir a ciki, da ƙwan fitila uku ko huɗu, da wurin cajin waya, wani lokaci har da fanka ko ƙaramar talabijin. Yawanci biyan kaɗan-kaɗan ake yi: ka ba da kafin alƙalami, duk sati ko wata ka biya a turo maka lamba ka danna a jikin akwatin. Ranar da biya ya tsaya, akwatin zai kulle kansa ko da rana na dukan farantin. Wannan shi ne abin da ya fi kayar da mutane, musamman manomi da kuɗinsa ke zuwa da kaka. Kafin ka sa hannu ka tambayi jimillar abin da za ka biya daga farko har a buɗe maka shi gaba ɗaya, ka gwada da farashin biya nan take. Ka nemi garanti a rubuce, aƙalla shekara biyu, ka kuma san inda mai gyaransu yake. In sai an kai Kano, ka sake tunani.

Lissafin girmansa ba wuya. Ƙwai huɗu masu wat 5 na awa biyar, wat-awa 100 ke nan a dare, wato wat sau awa. Fanka ta sola mai wat 20 na awa takwas, 160. Waya biyu ko uku, a ce 30. Jimla kusan 290. Daura na samun rana mai ƙarfi ta awa biyar zuwa shida, amma zafi da ƙura da waya suna cin kusan kashi 30 cikin ɗari, don haka faranti mai wat 100 zai ba ka wajen 350 a yini. Ya ɗauka, da ɗan rara. Batir kuma in na ruwa ne ko na dalma mai bol 12 da amfiya 50, a takarda 600 yake riƙewa, amma rabi kawai ya kamata a sha. Wanda ke tatse shi har ƙasa kowane dare ba zai ci moriyarsa ba, a watanni zai fara mutuwa tun kafin tsakar dare. Na litiyam ya fi jure tatsa, ana iya shan kashi 80, shi ya sa ya fi tsada.

Abubuwan da ke lalata shi a nan sanannu ne. Zafi na farko: batirin dalma da ke zaune a ɗaki mai rufin kwano babu silin yana rasa kusan rabin rayuwarsa a duk ƙarin digiri goma sama da 25, kuma ka san yadda ɗakin kwano yake a watan Afrilu. A ajiye shi ƙasa-ƙasa, inda iska ke ratsawa. Sai ƙurar hunturu, wadda ke kwanciya a kan faranti ta rage caji a ɗauka batir ne ya mutu. A wanke shi da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe kafin ya yi zafi, sau ɗaya ko biyu a sati lokacin hazo. A fuskantar da shi kudu, a ɗan karkata shi digiri 10 zuwa 15, kada a manna shi a jikin kwano, a bar tazara iska ta wuce ta ƙarƙashi. Inuwar reshen darbejiya guda a gefen faranti ta isa ta kashe rabin aikinsa. Kuma kada a yi mafarkin dutsen guga ko hita, kowannensu na jan wat dubu ko fiye.

Yanzu murhu. Murhun duwatsu uku kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari kawai na zafin icce yake kai wa tukunya, sauran iska ke kwashewa, balle a tsakar gida lokacin hunturu. Mai tsimi abu uku yake yi. Yana killace wutar a ɗan rami mai bango da ke riƙe zafi, yana shigo da iska ta ƙarƙashin iccen don ya ci da kyau, yana kuma tilasta harshen wuta ya bi jikin tukunya kafin ya fita. Tazarar da ke tsakanin tukunya da bangon ita ce sirrin, kusan santimita ɗaya. Ta yi faɗi, zafi ya gudu. Ta matse, hayaƙi ya dawo ta ƙofa. Mai kyau a hannun wadda ta saba da shi yana rage icce da kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi. Akwai na ƙarfe mai suna Save80 da ake haɗawa a Kano, masu shi na cewa yana rage kashi 80, da 'yan ƙirare yake aiki, yana kuma zuwa da tukunyarsa da akwatin da ake sa abinci ya ƙarasa nuna da zafinsa. Ga wake ko shinkafa wannan akwati abin so ne.

Inda ake faɗuwa da murhu shi ne wajen tuwo, kuma nan ne maza ba sa dubawa. Tuwon mutum bakwai babbar tukunya yake so, kuma in uwargida ta sa muciya tana tuƙi da hannu biyu, tukunyar na bukatar mazauni da ba ya motsi. Murhun langa-langa marar nauyi sai ya riƙa rawa, ko tukunya mai zagayayyen gindi ta ƙi zama a bakinsa. Kwana kaɗan za ka tarar an jingine shi bayan ɗaki an mayar da duwatsu. Don haka kada ka sayo shi kai kaɗai. A je da tukunyar da ake tuwo da ita a gwada, ko kuma a gina na laka a kan ma'aunin tukunyar: jar ƙasa mai danƙo a cuɗa da ƙaiƙayi, a zaunar da tukunyar a ciki tun yana ɗanye don ya ɗauki siffarta, a bar shi ya bushe a inuwa sati ɗaya zuwa biyu kafin a hura wuta. In aka yi gaggawa zai tsage. Da damina a rufe shi, tsaga ƙarama kuma a shafe ta da laka tun ba ta buɗe ba. Icce a faskara shi ƙanana, busasshe, biyu ko uku a lokaci guda. Cusa gungume a ƙofa yana toshe iska.

A jera su ta fuskar aljihu. A ce gidanka na cin iccen naira 1,000 a rana, misali ne, ka sa naka lissafin. Wata guda 30,000 ke nan. Murhun da ya rage kashi ɗaya cikin uku ya bar maka 10,000 duk wata, ba ka da bashin kowa, ba abin da zai kulle. Sola kuwa abin da take maye gurbinsa shi ne batirin tocila da kuɗin cajin waya, waɗanda a gida irin naka da wuya su kai kuɗin biyan wata. Ita jin daɗi take ƙarawa: yara su yi karatu da dare, a yi barci da fanka a bazara. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma ƙarin kashe kuɗi ne a shekarar farko da ta biyu. Ga kuma lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta hayaƙin girki a cikin gida ya kashe mutum kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020, kuma mata da yaran da ke goye su ke shaƙarsa. Murhu mai tsimi yana rage shi, ko da yake ba ya kawar da shi, don haka madafa ta kasance mai taga ko a yi girkin a rumfa.

Shawararmu ga gida irin naka ita ce murhu tukuna. Abin da ya rage na icce a riƙa ware shi gefe, cikin 'yan watanni ya zama kafin alƙalamin sola. Wuri ɗaya ne za mu juya maganar: in kana tayar da ƙaramin janareta da dare. Yana shan kusan rabin lita a awa, awa huɗu lita biyu, a wata lita 60. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 babu biyan wata na ƙaramar sola da ya kai wannan, to mai janareta sola ce ta farko a gare shi.

Akwai ɗan gyaran da ba ya jiran kowane tallafi, ga wanda ke kan layin KEDCO. Tsohon ƙwai mai wat 60 guda huɗu na awa shida suna cin yunit 43 a wata, na LED mai wat 9 da haskensu ɗaya kuwa yunit shida da rabi. Amma wannan riba sai mai mitar kati. In bil na ƙiyasi ake kawo maka, ko ƙwai nawa ka canza takardar ba za ta sauka ba. Ka je ofishinsu ka nemi mita a rubuce, ka tambaya ko akwai ta rabon gwamnati da ba a biya, ko kuwa ta tsarin MAP ce wadda kai za ka biya a riƙa mayar maka da kuɗin ta yunit. Kuɗin a asusun da aka rubuta maka a takarda za ka zuba, ka riƙe rasit ɗinka.