Yadda Ake Maganin Sanyin Mata a Ingila

Tun zuwana Ingila ban taɓa jin kunya irin ta ranar da na shiga wani kantin magani na nemi Flagyl ba, domin mai kantin ta ce sai da takardar likita, sannan a gaban jama'a ta tambaye ni abin da ke damuna. Na fito raina a ɓace, ina tuna kemis ɗin unguwarmu a Kano, inda mace za ta aiki yaro da kuɗi ya dawo mata da magani ba tare da kowa ya ji sirrinta ba. Ganin likitan unguwa ma wata wahala ce, don sai an buga waya da ƙarfe 8 na safe, a daɗe ana jira, daga ƙarshe a ce babu gurbi.

Wata maƙwabciyata 'yar Sudan ce ta kwatanta mini asibitin cututtukan al'aura na NHS, hukumar lafiya ta ƙasar, inda gwaji da magani duk kyauta ne. Ma'aikaciyar jinyar ta miƙo mini tsinke mai auduga, ta ce in shiga banɗaki in lakato ruwan da kaina, babu wanda ya ɗaga mini zane. Da aka duba, ta zaunar da ni ta yi bayanin da ban taɓa ji a gida ba. Gaban mace lafiyayya yana ɗauke da ƙwayoyin halitta masu amfani da ake kira laktobasilus, waɗanda suke sa wurin ya yi tsami har miyagun ƙwayoyi su kasa yaɗuwa. Idan masu amfanin suka ragu, sai miyagun ƙwayoyi irin su gadinerela su yi yawa, ruwa tsararo mai launin toka ya riƙa fita da ƙarni irin na kifi, galibi ba tare da ƙaiƙayi ba. Mai ƙaiƙayi da farin ruwa mai kauri wata cuta ce dabam, maganinta ma dabam, alhali mu duka muna haɗa su mu ce sanyi ne, mu ɗora laifi a kan masai, mu sha duk abin da mai kemis ya ƙunsa. An ba ni ƙwayoyin magani na kwana 7, aka ce in wanke waje kawai da ruwa zalla.

A nan ne al'adunmu suka tsaya mini a rai. Matsi, da cusa miski, da wanke ciki da sabulu ko Dettol ko ruwan bagaruwa, duk muna yin su ne da sunan tsafta da gyaran jiki, amma suna iya korar ƙwayoyin da ke tsaronmu, sai ƙarnin ya dawo, mu kuma mu ƙara wanki. Ga mai ciki abin ya fi nauyi, saboda cutar mai ƙarnin tana ƙara haɗarin haihuwar bakwaini. Duk da haka ina kewar gida, ko don buta, wadda ba a ajiyewa a banɗakunan ƙasar nan, da kuma yayar da za ka kai wa kukanka.

Cutar tana yawan komowa bayan magani. A shekarar 2025 masu bincike a Melbourne ta Ostireliya sun nuna cewa idan aka yi wa miji magani tare da matarsa, komowarta cikin makonni 12 tana sauka daga kashi 63 zuwa 35 cikin ɗari. A gidajenmu kuwa, inda sau da yawa akwai abokiyar zama, mace ce kaɗai ke shan magani da gori, maigida kuma ko tambayarsa ba a yi.