Salansa na yoyo bayan sabbin akwatunan hita: gam ko sake kwancewa?

Malam, ka ce tun da ka ɗaura wa tsohuwar Volkswagen Beetle ɗinka sabbin akwatunan hita, masu ɗumama iskar cikin mota da zafin bututun hayaƙi, take cas-cas da safe, warin hayaƙi kuma na shigo maka ciki, kana neman sanin ko ka shafe mahaɗan da gam ɗin salansa ko ka sake kwancewa ka sa sabon gaskit. Kwance. Yini guda zai ci maka, ba ƙari.

Gam ɗin dai ina da rabin bututunsa a akwatin kayan aiki, ya bushe ya zama dutse. Iyakar amfaninsa siririn shafi a inda bututu ke shiga cikin bututu. A bakin kan silinda kuwa, wato murfin silindar inji, zafi da girgiza kan farfasa shi cikin 'yan kwanaki, ya zube, ƙarar ta dawo.

Kafin ka ɗauki sifana, fara gano inda take yoyon, don mahaɗan suna da yawa. Kowane akwati bakinsa na gaba yana ɗaure ne a kan silinda da noti biyu, na dama a silinda ta 1, na hagu a ta 3. Ƙarshensa na baya yana haɗuwa da tukunyar salansa ta wani zobe mai kama da saƙar waya, wanda kilif ke matsewa. Silinda ta 2 da ta 4 kai tsaye suke shiga tukunyar. Sai kuma ƙananan bututu biyu da ke ɗumama ƙarƙashin kafireta, su ma da nasu gaskit. Wanda ya canza akwatunan hita dole ya motsa tukunya, kuma da ya motsa ta ya taɓa duk waɗannan. Sau da yawa sabon akwati ake zagi alhali tsohon gaskit ɗin ƙaramin bututun nan ne ya tsage.

Ka tayar da inji da sanyinsa, a fili ba cikin gareji ba. Wani ya danna tsumma a bakin wutsiyoyin salansar biyu na 'yan daƙiƙu, kai kuma ka bi mahaɗan da kunne da bayan hannu, ba tare da ka taɓa ƙarfen ba. Inda ke yoyo zai yi huci. Kumfar sabulu ma tana tona asiri idan ka shafa kafin ƙarfe ya ɗauki zafi. Duba da tocila kuma, baƙin toka da ya yi zane daga gefen mahaɗa shaida ce da ba ta ƙarya. Ƙarar da ke raguwa idan inji ya yi zafi, da tas-tas ɗin da ake ji in an saki totur a gangara, duk alamun yoyo ne: iska ce ke kutsawa ta kafar, ta kunna ragowar man da bai ƙone ba. Amma idan cas-cas ɗin ba ya canzawa ko an toshe wutsiya, auna bawul, tazararsu milimita 0.15 ce da sanyin inji.

Tawa mai inji 1600 ce, kuma na ga yadda ake wannan aiki a hannun wani dattijon makanike, Allah Ya saka masa da alheri. Akwatin dama ne ke huci. Bai ƙara wa noti ko rabin juyi ba. Ya sauke akwatin, ya ɗora rula ta ƙarfe a kan bakin, ya ɗaga wajen haske ya ce in leƙa. Haske na wucewa ta tsakiya sarai, kunnuwansa biyu masu ramin noti kaɗai ke taɓa rular. Zafin walda ne ya lanƙwasa bakin tun daga masana'anta. Sai ya shafe fuskar da baƙar tawadar alƙalamin maka, ya ɗauko magagari mai faɗi yana gogawa a hankali, yana juya hannu, yana dubawa. Da farko kunnuwan ne suka yi fari, tsakiya na nan baƙi. Bai daina ba sai da tawadar ta ɓace gaba ɗaya. Ya koma kan silinda ya kankare wani ɓawon tsohon gaskit da ya manne kusa da sandar noti, ɗan abin da bai kai farce ba, wanda shi kaɗai ya isa ya hana baki zama. Da muka tayar da ita, wallahi sai ga sautin nan nata na asali ya fito tas. Har yau ban sake taɓa wannan gefen ba.

Abin da ya fi jaddada mini shi ne tsarin ɗauri, kuma nan ne yawancin mutane ke faɗuwa. Kada ka ɗaure komai tamau sai kowane noti da kowane kilif ya hau da hannu, tukunya da akwatuna suna iya ɗan motsi. Daga nan ka fara da bakunan kan silinda, kana bin noti biyun kaɗan-kaɗan, wannan sannan wancan. Sai ƙananan bututun kafireta. Kilif ɗin zobe shi ne na ƙarshe, domin shi aka yi don ya shanye ɗan bambancin tsawo. In ka fara da shi, ya ja akwatin baya, bakin gaba zai zauna a karkace ko nawa ka matse. Kuma kada ka nuna wa notin ƙarfi, kusan Nm 20 a sifana mai auna ƙarfin ɗauri ya wadatar. Kan silindar alminiyam ne, in sandar ta karye ko ta tumɓuko da zarenta, ka sayi aikin da ya fi wannan. Noti na jan ƙarfe ya fi, ba ya kamawa da tsatsa. Zobe da gaskit duk sababbi, wanda aka taɓa matsewa ya gama aikinsa. Bayan ta yi zafi ta huce sau biyu ko uku, ka sake bin notin, za ka tarar sun ɗan saki.

Batun wari kuma, ba kowane wari ne hayaƙin salansa ba. Sabon akwati kan ƙone fenti da man da aka shafa masa a tafiyar farko, ya daina. Man inji da ke ɗiga daga murfin bawul kan sauka daidai kan akwatin, shi ma ya yi ta ƙauri. Sannan ka duba robar da ta zagaye inji da tiyo biyun da ke saukowa daga gidan fanka. Tun wajen 1963 iskar hita kai tsaye daga fankar nan take zuwa, don haka idan robar ta ruɓe, fanka za ta zuƙi hayaƙin da ke ƙasa ta turo maka ƙafafu. Amma kada hanci ya zama ma'auninka. Iskar da ke kisa a hayaƙin mota, kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi. Ciwon kai da gyangyaɗi a kan sitiyari su ne sallamarta. Ka rufe hita, ka sauke gilashi har sai an gama gyara, ka kuma ajiye 'yar na'urar nan mai ƙara idan ta ji iskar.

Ba ka tambaya ba, amma zan faɗa: a yi hattara da wasu masu sayar da kayan tsofaffin motoci. Akwai mai ɗauko tsohon akwatin da bututun cikinsa ya ruɓe, ya fesa masa fenti ya ce sabo ne. Akwai mai ba ka mara nauyi da sunan na asali. Na kirki yana da nauyi a hannu, saboda bututun cikinsa lulluɓe yake da fikafikan alminiyam masu kauri, ka haska tocila ta bakin iska za ka gan su. Na araha fikafikansa 'yan tsiraru ne, zafinsa kaɗan, bakinsa siriri mai saurin lanƙwasa. Araha ba ta ado. Tunda za ka sauke naka, gwada su: toshe baki ɗaya na bututun hayaƙin, cika shi da ruwa ta ɗayan, ka jira. In ruwa ya fito ta cikin rigar akwatin, bututun a fashe yake, kuma wannan ba na gam ba ne ba na magagari ba. Mayar masa da kayansa ka karɓi kuɗinka, kada ka yarda da "kawo a yi maka walda".