Wasiƙa daga Mancesta: daren da ruwa ya ci mini shago

Assalamu alaikum, Yaya. Ina gaisuwa da fatan alheri. Ya jikin Inna, ya iyali, ya kuma kasuwa?

Ran nan da muka yi waya ka tambaye ni yadda aka yi ruwa ya ɓata mini kaya a watan Janairu amma ban aiko neman gudummawa ba, kuma kafin azumi shagon ya koma yadda yake. Na ce maka inshora ce ta biya. Sai ka yi shiru, can ka ce, "Wannan takardar da muke nuna wa 'yan sanda a hanya?" Maganar ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na zauna na rubuto maka ita da tsawo.

Ka san shagon nawa a ƙasan bene yake, sama kuma gidan haya ne. A nan idan sanyi ya tsananta, ruwan da ke cikin bututu yakan daskare ya zama ƙanƙara, ƙanƙarar ta kumbura ta tsaga bututun, idan ta narke sai ruwa ya ɓalle. Abin da ya faru ke nan, ga shi mutanen saman sun yi tafiya. Da na buɗe da safe, silin ya rufto, ruwa ya kai idon sawu. Buhunan shinkafa da wake da garin rogo sun jiƙe, kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa sun zama kunu a cikin kwalaye, wuta ta ɗauke, naman da ke cikin firiza biyu ya fara saki. Na tsaya a bakin ƙofa ina ta innalillahi, babu abin da ya faɗo mini a rai sai kai, da ranar da ruwa ya shiga Kantin Kwari a watan Agustan 2022, kuna ta shanya atamfa da shadda a rana.

Na kira lambar kamfanin da ke jikin takardata. Matar da ta ɗauka ba ta ce mini sannu sau biyu ba, ta dai ce kada in zubar da komai sai na ɗauki hoto, ta ba ni lambar ƙorafi. Bayan kwana uku suka aiko mai ƙiyasta asara, wani dattijo da allon rubutu a hannu. Shi aikinsa ke nan: ya ga ɓarna da idonsa, ya auna ta da abin da aka rubuta a yarjejeniya. Ya zagaya, ya ƙirga buhu, ya buɗe firiza, sannan ya zauna ya ce in kawo rasit.

A nan ne na ga inda gizo ke saƙa. Duk kayan da na saro daga manyan dillalai na Landan da Bamingham, da rasit ɗinsu a waya ko a fayil, an biya ni kuɗin da na saye su, ban da riba. Amma akwai kayan da nake karɓa a hannun 'yan uwa masu dawowa daga gida, kamar yaji da kanwa da turaren wuta, na ba su kuɗi hannu da hannu, babu takarda. Waɗannan ya ce ba shi da abin da zai kafa hujja da shi, ƙalilan ya yarda ya saka. Sannan akwai wani kaso da tun farko aka rubuta cewa ni zan ɗauka a kowace asara kafin su sa hannu, nawa fam 250 ne. Gyaran silin da bango ba nawa ba ne, na mai ginin ne, shi ma da tasa inshorar. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne kuɗin makonni biyar da shagon ya yi a rufe. Ashe a cikin abin da nake biya duk wata akwai sashen tsayawar ciniki. Suka duba littafin cinikina na bara, suka ƙiyasta abin da zan samu a waɗannan makonni, suka biya. Da shi na biya haya da albashin yaron da ke taimaka mini.

Dattijon nan ya gaya mini wani abu da nake so ka riƙe. Idan kayan shagonka sun kai fam dubu 40 amma ka rubuta dubu 20 don kuɗin wata ya yi sauƙi, ranar da asara ta zo rabin abin da ya ɓaci za su biya, ko da ɓarnar ba ta kai dubu 20 ɗin ba. Allah ya taimake ni, mai duba mini lissafi ya matsa mini na gyara adadin watanni kaɗan kafin abin ya faru.

Yanzu bari in ba ka labarin mota, tunda ita ka sani. A Ingila tun 1930 doka ta wajabta wa duk mai tuƙi inshorar da za ta biya wanda ya yi wa ɓarna. Ba sai ɗan sanda ya tsayar da kai ya nemi takarda ba. Kyamarori suna karanta lambar mota, kwamfuta ta duba rumbun bayanai nan take. Wanda aka kama babu inshora, tarar fam 300 ce da maki 6 a lasisinsa, kuma ana iya ƙwace motar, har a murƙushe ta. Sabon direba da ya tara maki 6 a shekara biyun farko, lasisin ya tafi, sai ya sake jarrabawa. Yaranmu da ke zuwa karatu su kama aikin kai abinci gida-gida, da yawa a nan suke faɗawa rami, domin inshorar zuwa aiki da cefane daban, ta ɗaukar kaya don kuɗi daban. Ina yawan jan kunnensu a masallaci. Idan kuma wanda ya buge ka ba shi da inshora, ko ya gudu, akwai wata hukuma da kamfanonin suka kafa tun 1946, kowa na zuba mata kuɗi, ita ke biyan wanda aka cuta.

A gida ma ai dokar tana nan. Daga farkon 2023 kuɗin ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000, abin da za a iya biya na ɓarnar dukiya kuma ya kai miliyan 3. Amma Yaya, tsakani da Allah, a cikin abokanka na kasuwa wa ya taɓa gogar mota ya je kamfani ya ce a biya? Ana tsayawa ne a titi a yi ta cacar baki, jama'a su taru a yi sulhu, a tafi wajen mai gyara kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa. Takardar tana cikin aljihun mota, wata ma ta bogi ce, mai ita bai sani ba. Kuɗi muke biya don a bar mu mu wuce, ba mu taɓa ɗaukar cewa wani abu muka saya ba.

Da na ɗauki yaron shago sai na tarar da wata dokar. Duk mai ma'aikaci, in ba 'yan gida ɗaya ne kawai ke aikin ba, dole ya yi inshorar da za ta biya ma'aikacin idan ya ji rauni a bakin aiki, kuma ba za ta gaza fam miliyan 5 ba. Wanda bai yi ba ana iya cin sa tarar fam 2,500 a kowace rana. Akwai kuma ta abokan ciniki, idan wani ya zame a shagonka ya karye. Wannan doka ba ta tilasta ba, amma mai ginin ba zai ba ka makulli ba sai ya gan ta. Nakan tuna 'yan dako da ke hawa bene da dila a ka a Kwari. Idan ɗaya ya faɗo, maigidan kirki zai kai shi asibiti ya biya, wanda ba na kirki ba ya ce Allah ya kiyaye gaba. Rayuwar yaron ta rataya ke nan a kan halin wanda ya ɗauke shi.

Su ma Turawan nan wuta ce ta koya musu. A 1666 gobara ta tashi daga wani gidan burodi a Landan, ta yi kwana huɗu tana ci, ta cinye gidaje sama da dubu 13. Bayanta ne aka fara kafa kamfanonin inshorar gobara, har kowane kamfani yana da 'yan kwana-kwanansa, yana liƙa tambarinsa na ƙarfe a bangon gidan da ya biya. Har yau ana ganin irin tambarin a wasu tsofaffin gine-gine. Mu kuma gobara nawa muka gani? Ta kasuwar Sabon Gari a 2016 ta ci dubban shaguna. Ta Kasuwar Monday a Maiduguri a 2023, sai ga ambaliyar madatsar Alau a shekarar da ta biyo. Kowace iri ɗaya ce: manya su zo jaje, a kafa kwamiti, a yi alkawari, wanda ya yi asarar miliyoyi ya samu abin da bai kai kuɗin dila ɗaya ba. Na san mutanen da suke da yara goma a ƙarƙashinsu kafin gobarar Sabon Gari, yau suna tsaron shagon wani.

Kada ka ɗauka nan aljanna ce. Abin da tsada, kuma gwamnati na ɗora harajin kashi 12 cikin ɗari a kai. Kuɗin da za ka biya ya danganta da unguwarka: mu da muke zaune inda talakawa da baƙi suka fi yawa, mun fi masu kuɗin bayan gari biya a kan mota iri ɗaya, wai don sata da haɗari sun fi yawa a wajenmu. Wannan yana ci mini rai. Baƙon da ya shekara ashirin yana tuƙi a Kano, a nan kamar ɗan koyo ake lissafa shi. Kamfanonin kuma ba 'yan uwanka ba ne, idan suka samu ƙofa a cikin ƙananan rubutun yarjejeniya za su fice. Lokacin korona dubban masu ƙananan sana'o'i sun nemi kuɗin tsayawar ciniki aka hana su, sai da magana ta kai Kotun Ƙoli, ta yanke hukunci a Janairun 2021, akasari ta ba masu shagunan gaskiya.

Abin da ya sa duk da haka mutane suka yarda da tsarin shi ne akwai inda za ka kai kuka. Idan ka yi ƙorafi, kamfani yana da mako takwas ya ba ka amsa. Idan ba ta gamsar da kai ba, akwai ofishin mai shiga tsakani, kyauta ne, ba ka buƙatar lauya, kuma hukuncinsa yana hawa kan kamfanin idan ka amince da shi. Ko kamfanin ya karye, akwai asusun da ke ɗaukar nauyin masu haƙƙi. A ganina wannan ne ainihin abin da muka rasa a gida. Mutanenmu ba ƙin tanadi suke yi ba, mu da muka iya adashe. Tsoron su zuba kuɗi ne inda ba su da mai ƙwato musu.

Na san abin da ke ranka, domin ni ma ya daɗe a nawa: halacci. Malamai da yawa sun yi magana a kan inshorar kasuwanci saboda rashin tabbas da ke cikinta, da kamanninta da caca, da kuma juya kuɗin a harkar ruwa. Wadda doka ta tilasta, malaman da na tambaya a nan sun ce lalura ce. Ta kayan shago kuwa sharaɗin haya ce ta sa ni, kuma a nan samun ta Musulunci ga ƙaramin ɗan kasuwa da wuya. An taɓa buɗe wani kamfanin takaful, wato inshorar Musulunci, na motoci a 2008, bai daɗe ba ya rufe. Abin da ya fi kama da ita a nan shi ne asusun jana'iza na masallatan 'yan Pakistan: kowane gida na zuba wani abu duk shekara, wanda aka yi wa rasuwa a ɗauke masa kuɗin kabari da likkafani, domin binne mamaci a ƙasar nan dubban fam ne.

A wannan fannin ku kun fi mu dama. Takaful a Sudan aka fara ta a 1979, a Najeriya kuma hukumar kula da inshora, NAICOM, ta fitar da ƙa'idojinta a 2013, yanzu akwai kamfanoni masu lasisi irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful. Tsarinta shi ne kuɗin da kowa ya zuba gudummawa ce ga asusun 'yan uwansa, kamfani wakili ne mai kula da asusun, ba a saka kuɗin a harkar ruwa, idan shekara ta ƙare da rara kuma a raba wa waɗanda suka zuba bisa ƙa'idar da aka shimfiɗa. Ka tuna hadisin Ash'ariyyawa da Malam ya karantar da mu a zaure, mutanen da idan abinci ya yi musu ƙaranci sai su tara abin da ke hannun kowa a mayafi ɗaya su raba daidai, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yabe su. Gudummawar da kuke haɗa wa ɗan layinku bayan gobara ita ce dai, sai dai wannan ana haɗa ta tun kafin wutar ta tashi, lokacin da kowa yake da abin bayarwa. Gobarar kasuwa kuwa ba ta barin maƙwabcin da zai taimaki wani.

Ga abin da nake roƙonka. Ka je ofishinsu da kanka, ka tafi da babban ɗanka tunda ya iya karatun takarda. Ka tambaye su ƙarara: gobarar da wutar lantarki ta haddasa tana ciki? Ambaliya fa? Kayan da ke sito a wani layi daban fa? Nawa ne kason da zai hau kanka, kuma cikin kwana nawa suke biya? Ka ce su nuna maka ɗan kasuwa ko ɗaya a Kano da suka taɓa biya, ka je ka ji daga bakinsa. Idan za ku shiga ku da yawa ta hannun ƙungiyar layinku, ya fi, domin muryar mutum hamsin ba ɗaya take da ta mutum guda ba.

Ko ka shiga ko ba ka shiga ba, don Allah ka fara rubuta kaya. Duk dilar da ta shigo a ɗauki hoton rasit ɗinta, duk ƙarshen wata a ɗauki bidiyon shago da sito, a turo mini ta WhatsApp in ajiye a nan, tunda littafin da ke cikin shago tare da shagon yake ƙonewa. Ka kuma sa a ɗaga kantocin ƙasa ko da taku biyu ne kafin ruwan Agusta, a kira mai gyaran wuta ya duba wayoyin nan da ke bayan silin.

Ka gaishe mini da Inna, ka ce mata maganin ƙafarta yana hanya a hannun wanda zai taso ranar Laraba. A gaida Anti da yara.

Ƙaninka, daga Mancesta.