Kafin Ka Zuba Nairarka a Kirifto: Wace Kasuwa, Kuma Ta Wace Ƙofa?

A shagunan waya na PZ da majalisun ɗalibai na Samaru da Kongo a Zariya, gardamar da aka fi yi ita ce wace kasuwar kirifto (kuɗin intanet) ce ta fi sauƙin caji, wace ce ta fi saurin biya. Akwai tambayar da ya kamata ta riga waɗannan: shafin da ka buɗe a wayarka, na kasuwar ne kuwa? Mutum yana iya zaɓar kamfani nagari, sannan ya miƙa kalmar sirrinsa ga ɓarawon da ya kwaikwayi fuskar kamfanin, kuma kirifto idan ya fita ba ya dawowa. Babu manajan bankin da za ka kai wa kuka ya dakatar da shi.

Mu fara da kasuwar kanta. A watan Fabrairu na 2021 Babban Bankin Nijeriya ya hana bankuna hulɗa da masu harkar kirifto, ya kuma sassauta a Disamban 2023. A Agustan 2024 hukumar SEC, mai sa ido kan hada-hadar hannun jari, ta ba kasuwannin kirifto na Busha da Quidax amincewar farko, dokar zuba jari ta 2025 kuma ta sa kadarorin dijital a ƙarƙashin kulawarta. Ga mai farawa da ke son saye da naira, muna ganin kasuwar da ke da rajista a gida ta fi, ko da farashinta ya ɗan ɗara, domin tana da hukumar da za a kai ƙararta. Sai dai ka duba sunan kamfanin a shafin SEC da kanka. Hoton takardar shaida da aka turo a WhatsApp ba hujja ba ce, haka ma rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, wadda kawai ke nuna an yi wa suna rajista, ba izinin riƙe kuɗin jama'a ba.

Manyan kasuwannin waje sun fi yawan nau'o'in kuɗi, cajinsu ma yakan fi sauƙi, amma suna da nasu nauyin. Binance ta daina hulɗa da naira a Maris na 2024. Kuma girma ba ya hana faɗuwa: FTX ta rushe a Nuwamban 2022, an kuma sace wa Bybit kimanin dala biliyan 1.5 a Fabrairun 2025. Shi ya sa ba a barin dukan jari a kasuwa guda. Shi kuwa dandalin da ya yi alkawarin ninka kuɗi cikin wata ɗaya, ba ya cikin wannan kwatance ko kaɗan. Wanda ya ga abin da MMM ta yi a 2016 da yadda CBEX ta ƙare a Afrilun 2025 ba ya buƙatar dogon bayani.

To, ga inda aka fi kwana a ciki: ƙofar shiga. Hanyoyi huɗu ne mutane suke bi, kuma ba darajarsu ɗaya ba.

Mafi muni shi ne mahaɗin da aka turo maka, ko a Telegram, ko a WhatsApp, ko ta imel, ko a ƙarƙashin wani bidiyo. Ko amininka ne ya turo, ba ka san daga ina ya samo ba, ba ka kuma san ko an ƙwace asusunsa ba. Tun da aka riƙa samun wahalar buɗe wasu shafukan kirifto a layukan Nijeriya a 2024, saƙon "ga sabon adireshin da ke buɗewa" ya zama tarko mai kama mutane cikin sauƙi. Bincike a Google ya fi wannan, amma yana da rami: sakamakon da ke can sama sau da yawa talla ce da aka biya, kuma 'yan damfara ma suna sayen talla da sunan kasuwa. Ka tsallake duk abin da aka yi wa alamar talla. Manhajar Play Store ko App Store ta fi su duka biyun, da sharaɗin ka duba sunan kamfanin da ya wallafa ta da yawan waɗanda suka sauke ta. Kasuwar da ta shekara da shekaru ba za ta zo da manhajar da mutum ɗari biyar suka sauke ba. Fayil ɗin manhaja (APK) da mai gyaran waya zai tura maka ta Xender kuwa, ka ce masa, "Malam, na gode, zan sauke da kaina." Hanyar da muka fi yarda da ita ita ce ka rubuta adireshin da hannunka sau ɗaya, ka tantance shi harafi bayan harafi, ka adana shi a burauza, daga nan kullum ta nan za ka shiga.

Karanta adireshi yana da ƙa'ida. Ka nemo layin karkace na farko (/) bayan sunan shafin, sannan ka karanta abin da ke gabansa daga dama zuwa hagu. Yanki biyu na ƙarshe su ne mai gidan, ko uku idan adireshin ya ƙare da irin .com.ng. A luno.com/login, mai gidan luno.com ne, wato kasuwar kirifto ta Luno. A luno.com.shiga-ng.xyz kuwa, mai gidan shiga-ng.xyz ne, sunan Luno ado ne kawai aka liƙa a gaba, domin duk wanda ya mallaki adireshi yana iya rubuta abin da ya ga dama a hagunsa. Ƙaramin allon waya yakan yanke ƙarshen adireshi mai tsawo, wato daidai wurin da gaskiyar take, don haka sai ka taɓa shi ka ja har ƙarshe.

Sai wasan haruffa. Ana haɗa r da n su yi kama da m, ana sa babban I a madadin ƙaramin l, ana sa sifili a wurin o, ko a ƙara kalma kamar ng ko app bayan sunan da ɗan layi a tsakani. Mafi wuyar ganewa shi ne aron haruffan wasu harsuna. A farkon 2018 an yi amfani da adireshin da ke kama da na Binance sak, illa ɗigo biyu a ƙarƙashin haruffa biyu, wanda a fasasshen allo sai ka ɗauka ƙura ce. Irin wannan adireshi, idan ka kwafe shi ka manna a wani wuri, sau da yawa yakan bayyana da xn-- a farkonsa. Ka ga haka a shafin kasuwa, ka rufe.

Kada alamar kwaɗo ko https ta kwantar maka da hankali. Abin da take nufi kawai shi ne babu mai leƙen abin da ke tsakaninka da shafin. Ba ta ce mai shafin mutumin kirki ne ba. Takardar da ke kawo alamar kyauta ake samunta cikin mintuna, har Chrome ta cire hoton kwaɗon a 2023 saboda yadda ake yi masa mummunar fahimta. Abin da ya fi amfani shi ne shekarun adireshin. Ka shiga lookup.icann.org ka rubuta shi, za ka ga ranar da aka yi masa rajista. Kamfanin da ke iƙirarin shekara goma amma adireshinsa ɗan mako uku ne, magana ta ƙare.

Makulli na biyu, wato ƙarin shaidar da ake nema bayan kalmar sirri, shi ma zaɓi ne da ake kwatantawa. Lambar da ke zuwa ta SMS ita ce mafi rauni, domin wanda ya yi dabarar karɓe layinka ya karɓe lambar. Google Authenticator da ire-irenta sun fi: lamba shida da ke canzawa duk daƙiƙa 30, ba ta bi ta layin waya. Amma a sani, shafin bogi yana iya karɓar lambar daga hannunka ya shigar da ita a shafin gaskiya kafin daƙiƙa 30 ɗin su cika. Passkey, wato makullin sirri da ke adane a na'urarka, ko makullin ƙarfe irin YubiKey, shi ne ba ya faɗawa wannan tarko, saboda a ɗaure yake da adireshin gaskiya, ba zai amsa wa na bogi ba ko da kai ka ruɗu. Manhajar adana kalmomin sirri ma tana yin irin wannan gadi: idan ta saba cike maka gurbi a shafi, yau kuma ta ƙi, to ka tsaya ka sake karanta adireshin maimakon ka rubuta da hannu.

Idan kasuwa biyu sun yi kunnen doki a farashi, ka ɗauki wadda ke da abubuwa biyu. Na farko, kalmar shaida da kai za ka zaɓa, wadda za ta riƙa fitowa a kowane imel na gaskiya daga gare su. Saƙon da ya zo babu ita, na bogi ne. Na biyu, jerin adireshin da aka yarda a tura wa kuɗi, ta yadda sabon adireshi sai ya yi jinkiri kafin ya fara aiki. Wannan jinkirin ne ke ba ka damar farga kafin a kwashe. Kuma babu kasuwar gaskiya ko ma'aikacinta da zai nemi kalmomin sirri 12 ko 24 da ke buɗe walet ɗinka, wato ma'ajiyar kirifto ɗinka. Shafin da ya ce ka rubuta su don a "gyara" ko a "tabbatar" da asusunka, ɓarawo ne kai tsaye.

Kafin ka sa kuɗi mai kauri, ka gwada da kaɗan, kamar naira dubu biyar ko goma: ka saya, ka sayar, ka cire zuwa bankinka. Cirewar ita ce jarrabawar. Dandalin bogi yana karɓa da fara'a, yana nuna riba a allo, amma ranar cirewa sai ya ce ka fara biyan haraji ko kuɗin buɗe asusu. Kasuwar gaskiya daga cikin kuɗin take yanke cajinta. Wajen tura USDT, kirifton da ke bin darajar dala, kuma ka lura da hanyar da zai bi: adireshin hanyar Tron da T yake farawa, na hanyar Ethereum da 0x, kuma kuskuren hanya na iya salwantar da kuɗin. Ka duba adireshin gaba ɗaya, ba farko da ƙarshe kaɗai ba, domin akwai masu ƙirƙiro mai kama da naka su cusa shi cikin tarihin cinikinka. A cinikin mutum da mutum, kada ka saki kirifto don ka ga alat ko hoton rasit. Ka buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin, sunan mai turowa kuma ya dace da na wanda kuke ciniki.

Wanda ya riga ya rubuta bayanansa a shafin bogi, mintuna ne a hannunsa. Ya shiga ta adireshin gaskiya, ya canza kalmar sirri, ya canza ta imel ɗinsa ma, ya fitar da duk na'urorin da ke cikin asusun, ya goge kowane makullin API (izinin da ke ba wata manhaja damar shiga asusun) da bai san da shi ba, sannan ya nemi kasuwar ta daskarar da asusun. Idan kalmomin walet ne suka fita, wannan walet ta mutu: ya buɗe sabuwa ya kwashe abin da ya rage nan take. Ya adana hotunan saƙonni da lambar cinikin don kai ƙara ga EFCC, wadda ke da ofishi a Kaduna. Masu zuwa daga baya su ce za su dawo masa da kuɗin idan ya biya wani abu, kada ya ba su ko kobo.