Tsakar ruwa daga shagon Barnawa: kifin lafiya lau, bayanin ne da gyara

Ranar da na shigo gida da ledar, uwargida ta leƙa ta ja da baya. "A'uzubillahi! Baban yara, tsaka ka sayo mana da kuɗi?" Ban ga laifinta ba. Abu ne falale kamar an danne shi da dutsen guga, tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba, ga shi ya manne a jikin leda ya ƙi motsi. Tun ranar sunan ya bi shi, a gidanmu tsakar ruwa muke ce masa. Masu sayarwa suna kiran sa hillstream loach, irin da na samu kuma shi ne Sewellia lineolata, mai zane-zane baƙi da ruwan zinare kamar an yi masa lalle. Asalinsa ƙoramun duwatsu ne na tsakiyar ƙasar Biyetnam.

Wani shagon kifin ado ne a unguwar Barnawa ta Kaduna ya kawo mini su, kuma yau wata goma sha ɗaya ke nan, don haka ina ganin na isa in ce wani abu a kan shagon da kuma kayan da ya sayar mini.

Bari in fara da abin yabo, don akwai shi. Mai shagon bai ajiye irin wannan kifi ba, sai ka ba da kuɗin kafin alƙalami ya yi odarsa daga Legas. Ya ce mini mako biyu, ya kawo a kwana goma sha shida, ban riƙe shi da wannan ba. Abin da ya burge ni, da kifin ya iso bai kira ni nan take ba. Ya riƙe su kwana biyar a wani akwatin gilashi daban, ya ga sun huce daga wahalar hanya suna cin abinci, sannan ya buga mini waya. Guda shida na biya, guda shida na karɓa, babu mai ramammen ciki, babu mai tabo. Wanda ya taɓa sayen kifin ado a garin nan ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Farashi kuwa akwai zafi: kuɗin guda ɗaya zai saya maka kaza mai kyau a kasuwar Gumi har da canjin kayan miya. Amma abin da ya ƙetaro teku ya hau jirgi, ban sa ran arha ba.

Inda muka rabu da shi wajen bayani ne. Da na tambaye shi yadda ake riƙonsu, cewa ya yi, "Alhaji, ai wannan ba shi da matsala. Mai goge gilashi ne kawai, ka jefa shi ya riƙa share maka datti." Wannan magana ita ce ta ci mini kifi biyu.

Tsakar ruwa ba ɗan aikin shara ba ne. Dubi jikinsa kawai ka gane inda ya fito: fuka-fukan ƙirjinsa da na cikinsa sun baje sun zama kamar faifai, da su yake manne wa dutse don kada ruwa mai gudu ya tafi da shi. Wanda ya taɓa tsayawa a gindin ruwan Matsirga kusa da Kafanchan, ya ga yadda ruwa ke dukan dutse yana kumfa, to irin wannan ne gidansa. Ruwa mai sanyi, wajen digiri 20 zuwa 24, cike da iskar oksijin. Matsalar kuwa ruwa in ya yi ɗumi iskar da yake iya riƙewa raguwa take yi: a digiri 20 lita ɗaya tana ɗaukar kusan miligiram 9, a digiri 30 kuwa wajen 7 da rabi ne. Tarwada ko a jikinta, ita da ke iya hawowa ta shaƙi iska a sama. Wannan ba ya iyawa.

Na karɓe su a watan Disamba, lokacin hunturu, sai komai ya tafi daidai har na fara ganin kaina gwani. Ma'aunin zafi yana nuna 22, kifi suna zamiya a kan duwatsu kamar ana jan su da zare. Sai bazara ta shigo. Wata ranar Asabar a Afrilu aka ɗauke wuta tun hantsi, batirin inbata ya ƙare wajen la'asar, famfon da ke tura ruwa ya tsaya. Na dawo daga ɗaurin aure a Tudun Wada na tarar duk shidan sun hau can saman gilashi, wasu har rabin kansu a waje, ma'auni yana kan 30. Kafin a ta da janareto biyu sun riga sun tafi. 'Yar autata ta yi kuka har ta ƙi cin tuwo.

Ban ce mai shago ne ya ɗauke wuta ba. Amma mutumin da ke zaune a Kaduna, ya san abin da Maris da Afrilu suke yi mana, ya kamata ya tambayi mai saye ko yana da sola ko inbata kafin ya karɓi kuɗinsa. Tambaya ɗaya ce.

Da na koma na gaya masa, bai yi gardama ba, ya ce, "Wallahi Alhaji ban sani ba, ka yi haƙuri." Ya rage mini kuɗin ƙaramin injin iska mai caji, wanda ke kunna kansa da zarar wuta ta ɗauke. Wannan injin shi ne abu mafi amfani da na saya a shagon, ya fi kifin ma in ana maganar kwanciyar hankali. Yana da ɗan gunji, da dare kana jin sa daga falo, amma ya kwana yana aiki sau da yawa bai ba ni kunya ba. Sauran dabarun da kaina na laluɓo: na janye akwatin daga bangon da rana ke duka da yamma, na ɗaura ƙaramar fanka tana hura saman ruwa, abin da ke sauke zafi da digiri biyu ko uku amma yana shanye ruwa, sai ka riƙa ƙari. In abin ya yi tsanani, gorar ruwa mai ƙanƙara nake sakawa ta yi ta yawo a ciki. Murfi kuwa dole ne, na raga, domin wannan halitta tana hawa gilashi ta fice.

Abinci ma ba datti yake ci ba. Gansakuka ce da ɗan silɓin nan da ke fitowa a jikin dutse, da ƙananan halittun da ke cikinsa. Na ɗebo duwatsu masu sulɓi a bakin Kogin Kaduna, na wanke su tas, na raba biyu. Rabi suna cikin akwati, rabi suna cikin baho a tsakar gida suna shan rana har su yi kore, duk mako in musanya. Uwargida ta ce yanzu har duwatsu nake kiwo. Wani lokaci ina ƙara musu ganyen alayyafo da aka ɗan tafasa.

Huɗun da suka rage kuwa sun biya ni wahalata. Bayan isha'i nakan ja kujera in kashe fitilar falo. Maza biyu ne a ciki, kuma suna da wani faɗa na ban dariya a kan babban dutsen da ke gaban famfo: babu cizo, kowa ƙoƙari yake ya haye bayan ɗan'uwansa ya danne shi, suna kewaye kamar 'yan kokawa kafin a kama kugu. Wanda aka danne sai ya sulale ya koma gefe, bayan minti biyar ya dawo kamar ba shi ba. In ɗaya ya manne a gilashin gaba kana ganin cikinsa fari da ɗan bakinsa yana ta aiki ba hutu.

Zan sake saye a shagon? E, abinci da kayan aiki, har ma kifi, don hannunsa yana da kyau kuma ba ya ha'inci. Amma tsakar ruwa, in ba ka da wutar da ba ta yankewa, bar wa mai shi, ka ɗauki ɗan kifin nan gofi (guppy) ko kifin zinare. In kuma ka nace, ka bar akwatinka ya yi wata biyu ko uku yana aiki duwatsu su yi kore, sannan ka yi oda a farkon hunturu.

Makon jiya na je sayen batirin injin, na tarar da shi yana nuna wa wata Hajiya hoton kifin a wayarsa. Ina shiga na ji ya ce, "Mai goge gilashi ne, Hajiya…" Sai muka haɗa ido. Ya yi tari, ya ce, "Amma tukuna, kuna da sola a gida?"