Bugaggen Littafi ko na Waya: Amsa ga Mai Neman Labarin Uwa da Sirrin Gida

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Kin tambaya wanne ya fi ki saya, tunda labarin uwa da sirrin gida kike nema. Tsakanin bugaggen littafi da wanda ake biyan kuɗi a karanta a waya, ki sayi bugagge.

Nauyin labarin uwa da ɓoyayyen sirri yana zuwa ne bayan asiri ya tonu, lokacin da mutanen gida za su ci gaba da zama da juna alhali kowa ya san abin da aka ɓoye. Matan da suka shiga adabin kasuwar Kano tun daga shekarun 1980 sun fahimci haka, domin auren dole da kishi da saki da riƙon 'ya'ya da suka rubuta a gidajen da suka tashi suka gan su, kuma sai sun san ƙarshen labari kafin su kai shi maɗaba'a. Ina da wani littafi mai kashi uku da na gada daga yayata, takardarsa ta yi ja, bangonsa ma da zare na ɗinke shi. Labarin wata yarinya ce da gwaggonta ta riƙe tun daga yaye, ba ta san wadda take gaisarwa a matsayin matar kawu ita ta haife ta ba sai dab da aurenta. Marubuciyar ta ba da kashi na uku kacokan ga yadda uwar, wadda kunyar 'yar fari ta hana ta ko ambaton sunanta, ta nemi hanyar kusantar 'yarta ba tare da ta tozarta wadda ta sha wahalar raino ba. Lokacin da na je gida wankan jego nakan karanta wa Innarmu shi da dare, kuma a sanadinsa ne ta ba ni labarin ƙanwarta da aka bayar riƙo, abin da ban taɓa jin ta ambata ba.

Na waya yana da sauƙin samu, kuma akwai marubuta nagari a manhajojin karatu irin su Wattpad da ArewaBooks. Amma wanda na biya, kullum ana ƙara wa uwar azaba don a riƙe masu karatu, yafiyar kuma aka dunƙule ta a shafi ɗaya. Ki kuma tuna cewa manhaja tana iya rufewa, kamar yadda OkadaBooks ta rufe a ƙarshen 2023.

Ki yi hattara da masu sayarwa marasa tsoron Allah. Akwai masu kwafe littafin mutane su sayar a WhatsApp da rabin kuɗi ba da izinin marubuciya ba, wanda cin haƙƙi ne, akwai kuma masu buɗe shafi da sunan marubuciya su karɓi kuɗi su toshe lambarki. A kasuwa ma wani zai ba ki kashi na ɗaya da na biyu ya ce na uku yana hanya, alhali ya san an daina buga shi. Idan kina Kano ki je wurin masu littattafai a kasuwar Sabon Gari, ki sa a haɗa miki dukkan kashe-kashen a gabanki, ki duba lambobin shafi da shafin ƙarshe kafin ki biya. Ko na hannu kika samu ki karɓa, matuƙar ya cika.